Tsohuwar Saba a Ofis: Sauya Furosesa da Binciken Lahani



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau wata na'ura ce wadda yawancinmu ba mu taɓa sa ta a ido ba, alhali kuwa albashinmu da fanshonmu da sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu duk ta cikinta suke bi. Wannan na'ura ita ce saba, watau babbar kwamfutar nan da akan ajiye a wani ɗaki a kulle, wadda sauran kwamfutocin ofis suke zuwa gare ta neman bayani ko ajiye shi. Wasu masana suna kiranta uwar garke, kuma sunan ya dace da ita, domin in ta kwanta, garken duka ya tsaya.

Mu ƙaddara yau ashirin da biyar ga wata, akawun albashi ya zauna zai fitar da bauca, sai saba ta yi ta jan ƙafa, ko kuwa ta ƙi tashi sam. A irin wannan rana akan yi ɗayan kuskure biyu. Na farko, a rubuta takarda a ce na'ura ta tsufa, a nemi kuɗin sabuwa, alhali abin da ke damunta bai wuce batir ɗan ƙarami ba. Na biyu, a kira duk wanda ya ce ya iya, ya zo ya buɗe ta, ya tafi da bayanan shekara goma a cikin sa'a guda. Kuskuren farko dukiyar jama'a yake ci, na biyu kuwa haƙƙinsu. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu san hanyar da ke tsakanin biyun: yadda ake gane abin da ke damun tsohuwar saba, da yadda ake ƙara mata ƙarfi ta hanyar sauya furosesa, da kuma lokacin da ya kamata a haƙura da ita.

Na'urar da Za Mu Yi Misali da Ita

Don kada magana ta zama ta iska, zan ɗauki samfuri guda in yi ta komawa gare shi, watau PowerEdge R710 na kamfanin Dell, wanda ya fito a 2009. Na zaɓe shi ne saboda an ƙera shi da yawa, kuma da manyan kamfanonin Turai da Amurka suka yi ritayar nasu, sai ya cika kasuwar kayan da aka yi amfani da su. Abin da zan faɗa a kansa ya shafi sa'o'insa na wasu kamfanoni, sai ɗan bambancin da ba a rasa ba.

In aka ɗaga murfinta za a ga sassa shida da ya wajaba a san sunansu. Akwai babban allo, wanda kowane sashe yake zaune a kansa. Akwai furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Wannan samfuri yana da gurbin furosesa biyu. Akwai RAM, ma'ajiyar wucin gadi inda ake baje aikin da ake cikin yi, kamar teburin akawu. Tana da ramuka goma sha takwas, tara ga kowane furosesa. Akwai faifan ajiya, waɗanda su ne sito, inda bayani yake kwana ko an kashe wuta, tare da wani kati mai kula da su wanda ake kira katin RAID. Akwai akwatunan wuta guda biyu, domin in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Sa'an nan akwai jerin fankoki masu tura iska daga gaba zuwa baya. Ban da waɗannan, akwai wata 'yar kwamfuta a cikin babban allon, wadda Dell ya sa wa suna iDRAC, daga cikin aikinta akwai ta sa ido a kan sauran sassa, ta rubuta duk abin da ya faru a cikin kundinta, ko da sabar tana kashe, muddin wayarta na jone da wuta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Game da shi furosesa, ya kamata mu san nisan tafiyar da aka yi. Na farkon da kamfanin Intel ya sayar, mai lamba 4004, ya fito a 1971 da taransisto 2,300. Xeon mai cibiya shida na 2010, wanda za mu yi magana a kansa, yana da fiye da biliyan ɗaya. Cibiya kuwa ita ce ma'aikaci guda a cikin furosesa. Furosesa mai cibiya huɗu kamar ofis ne mai akawu huɗu.

Tambayar Farko: Shin Furosesa ne ke da Laifi?

Likita ba ya yanka kafin ya auna. Yawancin sabobin da ake kuka da nauyin jikinsu, furosesansu zaman banza yake yi, yana jiran wani sashe ya miƙo masa aiki. Saboda haka matakin farko shi ne a sa ido a kan na'urar na tsawon mako guda ko fiye, har da ranakun da aiki ya fi yawa, a rubuta abu uku: kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin furosesa ake ci, RAM nawa ya rage, kuma tsawon wane lokaci ake jiran faifai. Windows da Linux duka suna da ma'aunan wannan a cikinsu, ba sai an sayi kome ba. In RAM ne ya cika, na'ura takan shiga aron wuri a kan faifai, shi kuwa faifai ya fi RAM nawa nesa ba kusa ba. Maganin wannan ƙarin RAM ne. In faifai ne ake jira, sauya masu juyawa da irin na zamani marasa juyawa, watau SSD, zai fi kowane furosesa amfani.

Akwai wata cuta ta musamman da ke yaudarar mutane. Katin RAID yana da batirinsa, wanda ke ba shi damar karɓar bayani ya riƙe a cikin ƙaramar ma'ajiyarsa kafin ya rubuta a faifai, domin ya san ko an ɗauke wuta batirin zai tsare abin da ya riƙe. Idan batirin nan ya mutu, kuma yakan mutu bayan 'yan shekaru, sai katin ya daina wannan amana, ya koma jiran faifai a kan kowane rubutu. Nan take na'ura ta yi nauyi, musamman wajen aikin rumbun bayanai. Wanda bai sani ba sai ya sayo furosesa, ya saka, ya ga ba abin da ya canja.

To, ko da an tabbata furosesa ne ya gaji, kada a zaci ƙarin cibiyoyi zai ba da sauri daidai da yawansu. Wani masani Ba'amurke, Gene Amdahl, ya bayyana dalilin wannan tun 1967, kuma kowane ma'aikacin gwamnati ya san shi a aikace: ko an ƙara akawuna goma, in kowane fayil sai ya jira sa hannun mutum ɗaya, to teburin mutumin nan shi ne iyakar saurin ofis. Mu ƙaddara rubu'in aikin ba ya rabuwa, dole cibiya ɗaya ta yi shi. Lissafi ya nuna cibiya takwas za su ba da ninki 2.9 na saurin cibiya ɗaya, goma sha biyu su ba da ninki 3.2, kuma ko an kawo dubu ba za a wuce ninki huɗu ba. Inda ƙarin cibiyoyi yake biya sosai shi ne inda ayyuka suke da yawa kuma ba su dogara da juna ba, misali saba guda da aka raba ta zama kwamfutoci da dama a cikinta, ko wadda mutane masu yawa suke shiga a lokaci ɗaya.

Zaɓen Furosesa

Idan awo ya nuna lalle sauyin zai yi amfani, akwai sharuɗɗa biyar da za a duba kafin a fitar da ko kwabo.

Sharaɗi na farko shi ne gurbi. Gurbin R710 ana kiransa LGA 1366, saboda yana da 'yan allurai 1,366, kuma iyali biyu kaɗai yake karɓa: Xeon 5500 na 2009 da Xeon 5600 na 2010. Furosesan da ya fito bayan waɗannan, komai kyansa, ba zai zauna a ciki ba. Misalin sauyin da aka saba yi shi ne a cire E5520, mai cibiya huɗu da saurin gigahaz 2.26, a sa X5670, mai cibiya shida da saurin gigahaz 2.93. Da guda biyu, an tashi daga cibiya takwas zuwa goma sha biyu ke nan, kuma kowace cibiya ta ƙara sauri da wajen kashi talatin cikin ɗari. Wannan ƙarin saurin yana amfanar kowane irin aiki, har wanda ba ya rabuwa.

Sharaɗi na biyu shi ne BIOS, watau manhajar da ke zaune a cikin babban allo, wadda ke tada na'ura kafin Windows ko Linux ya karɓa. Allon da aka ƙera a 2009 bai san furosesan 2010 ba sai an sabunta masa BIOS. Ga inda mutane da yawa suke faɗawa rami: dole a yi sabuntawar tun tsohon furosesa yana ciki, domin in an riga an sa sabon, na'urar ba za ta tashi ba balle a sabunta ta. Kuma kada a fara wannan aiki sai na'urar tana kan UPS mai cikakken caji, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyarsa tana iya kashe allon baki ɗaya.

Sharaɗi na uku shi ne zafi da cin wuta. Kowane furosesa yana da adadin wat da aka ƙayyade masa: E5520 wat 80, X5670 wat 95, X5690 kuwa, wanda ya fi su duka sauri, wat 130. Allunan farko na wannan samfuri ba a yi su don masu wat 130 na iyalin 5600 ba, sai allon da aka sake fitarwa daga baya. Har wa yau akwatunan wutar iri biyu ne, mai wat 570 da mai wat 870, kuma ya wajaba biyun da ke cikin na'ura su zama iri ɗaya. Ga wanda ɗakinsa ba shi da sanyi sosai, akwai L5640, mai cibiya shida da wat 60 kacal. Sau da yawa shi ne zaɓin mai hankali a ƙasar zafi.

Sharaɗi na huɗu, furosesa biyun su zama tagwaye, lamba ɗaya, sauri ɗaya. Sa'an nan a tuna cewa a wannan iyali mai kula da RAM yana cikin furosesa ne. Ma'anar wannan ita ce ramukan da aka rubuta wa A na furosesa na farko ne, na B kuwa na na biyu; in babu furosesa na biyu, duk RAM ɗin da aka zuba a ramukan B na'ura ba za ta gan shi ba. Kowane furosesa yana da hanyoyi uku zuwa RAM, don haka an fi so a sa su uku uku masu girma ɗaya. In kuwa aka cika ramuka uku a kan kowace hanya, saurin RAM ɗin yakan sauka zuwa 800, ko da an rubuta 1333 a jikinsa.

Sharaɗi na biyar na masu kula da kuɗi ne. Wasu manhajoji ana biyan lasisinsu bisa yawan cibiyoyi, kamar yadda Microsoft ya yi da wasu nau'o'in SQL Server tun daga 2012. Furosesan da aka saya da araha yana iya jawo bashin lasisi wanda ya ninka kuɗinsa sau da yawa. A tambayi wannan kafin a saya.

Yadda Ake Aikin

Kafin a taɓa murfi, a kwafe bayanan duka zuwa wani wuri dabam, sa'an nan a gwada buɗe kwafin a wata na'ura a tabbata yana aiki. Kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai. A kuma ɗauki hoton cikin na'urar da na saitin BIOS, a sanar da ma'aikata, a zaɓi ranar da ba a aiki.

Daga nan a kashe saba, a zare wayoyin wuta duka biyu, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Yanzu sai maganar da ta shafe mu musamman. Kowa a nan ya san yadda lokacin hunturu mutum kan taɓa ƙofar mota ko ya cire riga ya ji wuta ta ɗan ja shi. Wannan lantarki ne da ke taruwa a jiki idan iska ta bushe, kuma wanda bai kai a ji shi ba ma ya isa ya ƙone taransisto. Saboda haka mai aiki ya ɗaura igiyar nan ta wuyan hannu wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen na'ura, in babu ita ya riƙa taɓa ƙarfen a kai a kai, ya guji tsayawa a kan kafet, ya riƙe furosesa ta gefe kawai.

A cire murfin robar da ke bi da iska. A kan kowane furosesa akwai ƙarfen shan zafi, wanda a wannan samfuri maƙalai biyu suke riƙe da shi. A bari ya huce, a saki maƙali ɗaya, a dakata kamar rabin minti don man da ke tsakani ya saki, sa'an nan a saki ɗayan. A ɗaga sandar gurbi da lura, domin tana da ƙarfin tsalle, a ɗauke tsohon furosesa sama tsaye. Allurai suna cikin gurbin ne, kuma sun fi gashi laushi. Yatsa ko bakin sukundireba in ya taɓa su, an yi asarar allo. Sabon furosesa yana da 'yar alama mai kusurwa uku a gefe guda da tsaga biyu, a daidaita su da na gurbi, a ajiye shi a hankali. In ya zauna daidai ba ya bukatar dannawa ko kaɗan. In ana jin sai an danna, to an juya shi ba daidai ba.

A goge tsohon man da ke ƙasan ƙarfen shan zafi da tsumma mai tsabta da sifirit na goge na'urori, a ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake a tsakiyar furosesa. Aikin man shi ne cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe. In ya yi yawa sai ya malala, ya zama matsala. A mai da kome wurinsa, har da murfin robar nan, domin in babu shi iska takan bi ta inda ta ga dama ta bar furosesa da RAM suna dahuwa. Bayan an kunna, a shiga BIOS a ga ko ya ƙirga furosesa biyu da RAM duka. Sa'an nan a bar na'urar a kan gwajin RAM, irin su Memtest86, kwana guda, a kuma ɗora mata aiki mai nauyi ana duba zafinta, kafin a mai da ita bakin aiki. Tsofaffin furosesan kuwa a adana su, ba a san ranar da za a koma gare su ba.

Binciken Lahani

To, idan an kunna ta ƙi tashi fa, ko kuwa dama can ba ta da lafiya? Ƙa'idoji uku ne suke raba gwani da mai lalube. Ta farko, a tambayi na'urar kanta. R710 tana da ɗan allon rubutu a gabanta, wanda yake shuɗi idan lafiya, ya koma ruwan lemo idan akwai matsala, tare da lamba da gajeren bayani. Kundin iDRAC kuma yana ɗauke da rana da sa'ar kowane abu: fankar da ta tsaya, ramin RAM da ke yin kuskure, lokacin da wuta ta yanke. Minti biyar na karatun kundin nan ya fi yini guda na cire wannan a sa wancan. Ƙa'ida ta biyu, a tambaya mene ne aka canja na ƙarshe, domin galibi nan laifin yake. Ta uku, a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta abin da aka gani.

In waɗannan ba su nuna hanya ba, sai a rage na'urar zuwa mafi ƙarancin abin da za ta iya tashi da shi: furosesa ɗaya a gurbi na farko, RAM ɗaya a ramin A1, akwatin wuta ɗaya, a cire sauran katuna. In ta tashi, a riƙa mai da sassa ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wanda ke kashe ta. In ba ta tashi ba, zargi ya taƙaita ga abu huɗu, a musanya su bi da bi.

Wasu alamomi suna da ma'anar da aka sani. Na'urar da ke manta kwanan wata da saitinta duk lokacin da aka ɗauke wuta, batirin babban allo ne ya ƙare, ɗan faifan nan mai lamba CR2032 mai bolt uku, irin wanda ake sa wa makullin mota. Fankoki masu ihu ba hutawa suna nuna zafi, ko fanka ɗaya ta mutu, ko an bar murfi a buɗe. Na'urar da ke mutuwa da kanta idan aiki ya yi nauyi, a duba zaman ƙarfen shan zafi da akwatin wuta. In bayan sauya furosesa aka ga wani ɓangaren RAM ya ɓace, sau da yawa allura ce ta lanƙwashe a cikin gurbi, tun da ta nan hanyar RAM ta bi. RAM ɗin saba kuma yana da dabarar gyara ƙananan kurakuransa da kansa, bisa hanyar da Richard Hamming ya wallafa a 1950. In kundi ya nuna rami guda yana yawan gyara, to gargaɗi ne, a canja shi tun bai kai ga kuskuren da ba ya gyaruwa ba.

Faifai su ne inda haɗari ya fi girma. Tsarin RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya tak. Na'urar za ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, sai 'yar fitila mai ruwan lemo a jikin faifan, kuma in ba mai shiga ɗakin, haka za a yi watanni har na biyu ya bi shi. Daɗin daɗawa, faifan da aka saya rana ɗaya tare suke tsufa, kuma wahalar sake gina wanda ya mutu ita ce takan ƙarasa na kusa da shi. Don haka a fara kwafe bayanai kafin a sa sabon faifai. Kada a zare faifai biyu tare, kada a rikita jerinsu. In katin ya ce ya ga baƙon tsari, ya tambaya ko a shigo da shi ko a share, to sharewar nan tana ɓatar da taswirar inda bayanai suke. Wanda bai tabbata ba ya tsaya ya nemi wanda ya sani. Kuma RAID ba ya maye gurbin kwafi: in an goge fayil bisa kuskure, ko ɓarawo ya ɗauke na'urar, ko gobara ta tashi, faifan duka tare za su tafi.

Yanayin Ƙasarmu

An ƙera wannan na'ura ne don ta yi aiki a ɗakin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 zuwa 35. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, zafin bazara yakan wuce digiri 40. Ƙurar hunturu kuma takan toshe ƙarfen shan zafi kamar an lulluɓe shi da bargo. Ga kuma wutar da ke zuwa tana tafiya, da janaretan da ke hawa da sauka. Waɗannan uku, zafi da ƙura da wuta, su ne suke kashe sabobinmu tun kwanansu bai ƙare ba. Maganinsu bai fi ƙarfin kowane ofis ba: a rufe tagogin ɗakin, a ɗaga na'urar daga ƙasa, a hure ƙurarta kafin hunturu da bayansa, a sa mata UPS, a riƙa gwada batirinsa, a tabbata wayar ƙasa ta ginin tana aiki, a kuma sa mutum guda ya leƙa fitilunta kowace safiya ya sa hannu a littafi.

Lokacin Haƙura

Ba zan rufe ba sai na faɗi iyakar wannan gyara, domin tsohuwar na'ura tana da kuɗin da ba a gani a takardar saye. Mu ƙaddara tana cin wat 200 dare da rana. A shekara ya kama kilowat-awa 1,752. A farashin Naira 225 da hukumar kula da lantarki ta Nijeriya ta sa wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, wannan ya kai Naira 394,200, ban da kuɗin sanyaya ɗaki da man janareta. Na'urar zamani tana iya yin aikin nan da wutar da ba ta kai haka ba.

Sai kuma maganar manhaja. Iyalin 5600 ba shi da wasu umarnan lissafi da ake kira AVX, waɗanda Intel ya shigo da su a 2011, kuma akwai manhajojin da suka daina aiki in babu su. VMware ya cire wannan iyali daga waɗanda yake tallafa wa a fitowar ESXi 7.0 ta 2020, kuma Red Hat Enterprise Linux 10 na 2025 ba ya hawa kansa. Microsoft ya daina gyara Windows Server 2008 R2 a Janairun 2020, da 2012 R2 a Oktoban 2023. Na'urar da ke kan manhajar da ba a toshe ɓarakarta, kuma tana jone da intanet, gida ne ba ƙofa. Saboda haka shawarata ita ce: tsohuwar saba ta dace da ɗakin koyar da ɗalibai, da gwaje-gwaje, da riƙe kwafi na biyu, da kuma riƙon ƙwarya na shekara ɗaya ko biyu kafin kasafi ya fito. Amma albashi da fansho da bayanan asibiti, kada a bar su a kanta ita kaɗai. Ranar da za a yi gwanjonta kuwa, a goge faifanta gogewa ta haƙiƙa ko a farfasa su, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

Kammalawa

Ya Shugaba, ga ɗalibai ina cewa, wanda ya koyi auna na'ura kafin ya yanke mata hukunci, ya karanta kundinta, ya canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya sami tarbiyyar da za ta yi masa amfani ko bayan wannan samfuri ya shuɗe. Ga manyan ma'aikata kuwa, ba a ce sai kun riƙe sukundireba ba. Amma idan aka kawo muku takardar neman sayen furosesa ko sabuwar saba, tambayoyi huɗu sun isa: me awo ya nuna, me kundin na'urar ya ce, yaushe aka gwada kwafin bayanai na ƙarshe, kuma nawa za a kashe a wuta da lasisi a shekara uku masu zuwa? Wanda ya kawo amsoshin nan a rubuce, a sa masa hannu. Wanda bai kawo ba, a mai da masa fayil ɗinsa.